TATTALIN GIDA: Ƙarin Garantin Mota, Tulu Ne Ko Rariya?

A watan nan za mu ɗan ajiye zancen rumbu da cefane, mu taɓa zancen mota. Kada uwargida ta ce wannan ba nata ba ne, ta juya shafi, gama ran da mota ta kwanta a gareji, tukunya ce ke fara jin labari.

Abin da ya jawo zancen shi ne wani ɗan wanmu da ke aiki a Amurka. Yaro ne mai tattali. Kowane ƙarshen wata ya kan aiko wa mahaifinsa abin da za a biya wa ƙannensa kuɗin makaranta. Ya sayi mota ta hannu a wani babban kamfanin sayar da motoci, bisa sharaɗin zai riƙa biya wata wata. Da aka gama ciniki sai aka shigar da shi wani ɗan ofis domin ya sa hannu a takardu. A nan ne wani ma'aikaci mai fara'a ya ce masa garantin motar ya kusa ƙarewa, amma in ya yarda a ɗora ɗan abu kaɗan bisa biyan kowane wata, za a ba shi ƙarin garanti na shekara 3. Ya ce masa, "Inji da giya duk suna ciki, ba ruwanka da kuɗin makaniki." Yaro ya ga ai wannan rigakafi ne, ya sa hannu.

Bayan wata 7, wata rana da dare yana komowa daga aiki, sai tiyon roba mai kai ruwa daga lagireto zuwa inji ya fashe. Allurar zafi ta hau. Da ya ke ya kusa gida, ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa. Kafin ya kai, inji ya ƙone. Janwe ya ja motar zuwa garejin kamfanin da ya sayar masa. Ta yi mako 2 a can, an kwance inji an baje, ana jiran mai dubawa daga wajen masu garanti. Da ya zo ya duba, amsa ta fito: ba za su biya ba. Dalili na fari, tiyon roba ba ya cikin jerin abubuwan da suka ɗauki nauyinsu, ɓarnar da ya jawo wa inji kuma ba tasu ba ce. Na biyu, ya ci gaba da tuƙi bayan ya ga zafi ya hau. Har kuɗin kwance injin ma shi aka ce ya biya. Watan nan da wata biyu na bayansa, kuɗin makaranta bai zo ba.

Wanmu ya zo ya same mu, ransa a ɓace, ya ce, "Kai da ka ke rubuce-rubucen nan, gaya mini. Ba garanti yaron nan ya saya ba? Ashe a can ma ana cin amana?" Muka ce yaron ya aiko mana da takardar. Muka zauna muka karanta ta tun daga fari har ƙarshe. Abin da muka tarar shi ne, duk abin da suka kafa hujja da shi yana nan a rubuce, da ƙananan baƙaƙe, a shafukan da bai karanta ba. Baki ya faɗa masa abu guda, takarda ta faɗi wani, ran biya kuwa takarda a ke bi.

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laifin a nan shi ne, an miƙa wa yaron rariya, shi kuwa yana tsammani tulu ne. Domin wannan mu ke so mu nuna muku ramukan tun kafin wani naku ya ɗebi ruwa a ciki.

GARANTI IRI BIYU NE

Na fari shi ne garantin maƙera, watau na kamfanin da ya ƙera motar. Wannan yana zuwa ne tare da sabuwar mota, ba a biyan kuɗinsa dabam. Ma'anarsa ita ce, in wani abu ya lalace saboda kuskuren ƙira ko rashin ingancin kaya, za su gyara kyauta. Yana da iyaka biyu, ta shekaru da ta nisan tafiya, wadda ta riga cika ita ce ke rufe ƙofa. A Amurka, Toyota na ba da shekara 3 ko mil 36,000, wajen kilomita 58,000 ke nan, a kan yawancin sassan mota, sa'an nan shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya. Hyundai ya yi suna tun daga motocin 1999 da garantin shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, amma wannan na wanda ya fara sayen motar ne kaɗai. In ta koma hannu na biyu, sai ya sauko zuwa shekara 5 ko mil 60,000. A Ingila kuwa Kia na ba da shekara 7 ko mil 100,000, shi kuma yana bin mota ko ta sake hannu.

Na biyu shi ne wanda a ke kira ƙarin garanti, wanda ɗan wanmu ya saya. Sunan yana ruɗin mutane. A dokar Amurka ta 1975, wadda a ke kira dokar Magnuson-Moss, an raba shi da garanti na ainihi, an ɗauke shi a matsayin yarjejeniyar gyara. Kai ne ke biya, su kuma su yi alkawari za su ɗauki nauyin waɗansu gyare-gyare, bisa waɗansu sharuɗɗa, zuwa wani lokaci. Wani kamfanin maƙera ne da kansa ke tsaya masa, wani kuwa kamfani ne dabam wanda bai taɓa ƙera ko noti ba. Dillalin mota yana sayar da shi ne domin yana da riba mai kauri a ciki, shi ya sa kuɗinsa ba yankakke ba ne. Ana taya shi kamar yadda a ke taya akuya a kasuwa, kuma ba dole ba ne a saye shi ran da aka sayi mota.

Kada kuma a gama shi da inshora. Inshora ta haɗari ce, ko sata, ko gobara, gwargwadon wadda mutum ya yanka. Ba ta biyan injin da ya buga don kansa. Ƙarin garanti kuwa ba ya biyan motar da ta yi karo.

Me ya sa abin ke shiga ran mutane? Dattawa cikinmu sun tuna zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna cikin 1975. Ita 504, ko a ƙauye ta tsaya, makanikin bakin hanya zai buɗe ta ya gane ciwonta da ido da kunne. Motar yau kuwa cike ta ke da wayoyi da ƙananan kwamfutoci, sai an jona mata na'ura kafin ta faɗi abin da ke damunta, kuma abu guda in ya lalace ya kan cinye albashin wata da watanni. Tsoron wannan ne masu sayar da ƙarin garanti ke kamawa. Tsoron kuwa ba na banza ba ne. Abin tambaya shi ne, ko maganin da su ke sayarwa ya dace da cutar.

RAMUKAN RARIYA

Rami na fari, jerin kaya. Takardun nan iri biyu ne. Wata ta kan lissafa abubuwan da za a biya, duk abin da ba a ambata ba kuwa ba ya ciki. Wata kuma ta kan lissafa abubuwan da ba za a biya ba, sauran duka suna ciki. Ta biyun ta fi faɗi, ta kuma fi tsada. Ta ɗan wanmu irin ta farkon ce. An rubuta inji, an rubuta giya, amma ba a rubuta tiyo ba.

Na biyu, kayan da ke cinyewa da aiki. Taya, batir, takalmin birki, faifan kuloci, robar waifa, kwan fitila, fulogi, fambel, tiyo, baƙin mai da filta, galibi babu wanda ke biyansu. Waɗannan kuwa su ne abubuwan da suka fi kai mai mota gareji.

Na uku, ɓarnar da wani abu ya jawo. In ɗan ƙaramin abu wanda ba ya cikin jeri ya lalace, ya jawo wa babban abu ɓarna, takardu da yawa sun ce babban ma ya fita. Haka kuma in direba ya ga fitilar mai ta kama, ko allurar zafi ta hau, bai tsaya nan take ba.

Na huɗu, tsohon ciwo. Duk abin da suka ce ya riga ya lalace kafin a sayi garantin, ba nasu ba ne. Domin haka da yawa su kan sa lokacin jira, misali kwana 30 da mil 1,000, kafin alkawarin ya soma aiki.

Na biyar, rasit. Dole ne a yi juyen mai da sauran sabis a kan kari, yadda littafin motar ya faɗa. Ran da inji ya buga, abu na fari da za su nema shi ne shaidar an yi. Wanda ya yi sabis amma bai ajiye rasit ba, da shi da wanda bai yi ba duk ɗaya ne a wurinsu.

Na shida, izini. Ba a taɓa mota sai an buga musu waya sun yarda. Wanda ya gyara tukuna sa'an nan ya kawo rasit, sau da yawa ya yi asara. In kuma suka ce a kwance inji su gani, sa'an nan suka ƙi biya, kuɗin kwancewar na mai mota ne.

Na bakwai, rabon mai mota. Kowane zuwa gareji akwai abin da shi zai fara biya daga aljihunsa, misali dala 100, su cika sauran. Waɗansu ma a kan kowane gyara su ke ɗora shi, ko da duk a rana ɗaya aka yi. Akwai kuma silin: ba za su biya fiye da darajar motar a ranar da ta lalace ba, darajar tsohuwar mota kuwa kullum sauka ta ke yi.

Na takwas, irin aikin da mota ke yi. In an sa ta haya, ko tasi, ko kabu-kabu, ko rarraba kaya domin kuɗi, galibi alkawari ya warware, sai dai in an sayi na musamman domin wannan. Yaranmu da yawa a ƙasashen waje su kan ɗan yi haya da motarsu bayan an tashi daga aiki. Su lura da wannan ƙwarai.

Na tara, ƙidayar shekaru. A ce sabuwar mota ce mai garantin shekara 3, aka sayar maka da ƙarin garanti na "shekara 7". Sau da yawa ana soma ƙidaya ne tun daga ran da aka fara sayar da motar. Ashe shekara 4 ka saya. In kuma inji da giya suna da garantin maƙera na shekara 5, to, a kansu shekara 2 kaɗai aka ƙara maka.

WA KE BAYAN ALKAWARIN?

Alkawari kaya ne, amma sai mai wuyan ɗauka. Takarda ba ta fi ƙarfin wanda ya tsaya mata ba. A Jihar Misuri ta Amurka an yi wani kamfani, US Fidelis, wanda ya cika talabijin da talla, ya sayar wa mutane masu ɗimbin yawa irin wannan yarjejeniya. Ya karye a 2010, 'yan'uwa biyu masu kamfanin kuma aka ɗaure su a kurkuku a 2012. A 2024 wani kamfanin, CarShield, ya amince ya biya dala miliyan 10 domin a kashe ƙarar da hukumar ciniki ta Amurka ta yi a kan tallarsa, wadda ta ce tana sa mutane su zaci za a biya musu gyare-gyaren da ba a biya.

Akwai kuma masu kira ta waya, su ce garantin motarka ya kusa ƙarewa, ka hanzarta. A 2023 hukumar sadarwa ta Amurka ta ci wata ƙungiyar masu irin wannan kira tarar kusan dala miliyan 300, bayan ta gano sun yi kira fiye da biliyan 5 cikin wata 3 kacal a 2021. Duk wanda ya kira ka, ba kai ka neme shi ba, yana kuma gaggauta ka, to, ajiye waya.

Ba mu ce dukansu macuta ne ba. Wanda kamfanin maƙera ya tsaya masa da sunansa ya fi zama abin dogara, gama kowane garejin wakilansu zai karɓe shi, da kayansu na asali kuma za a yi gyara. Tun 2021 Toyota a Ingila ke da wani tsari mai sauƙin ganewa: duk lokacin da ka kai mota sabis wurin wakilinsu, sai su ƙara maka garantin shekara guda, har motar ta cika shekara 10 ko mil 100,000. A nan kowa ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa. Su sun sami mai kawo musu aiki, kai ka sami inuwa.

WA ZAI YI GYARAN?

Ko da masu garanti sun yarda su biya, saura hannun da zai taɓa motar. A nan ne zancen garejin dillali ya shigo. Yana da kyawawan abubuwa waɗanda ba za a ƙi faɗa ba. Makanikansa sun sami horo a kan irin motar, suna da na'urorin da ke karanta ta, sanarwar maƙera game da kurakuran da aka gano tana iso musu, kuma kowane aiki yana shiga littafi. Amma ginin gilashi da shayin da a ke ba baƙo ba su ne gyara ba.

Ga abin da ya kamata a sani. A garejin dillalai da yawa a Amurka, ba awoyin da makaniki ya yi yana aiki a ke biyansa ba, sai awoyin da littafi ya yanka wa kowane irin gyara. In littafi ya ce awa 2, to, awa 2 za a biya shi, ko ya gama cikin awa 1, ko ya kai awa 4. Aikin garanti kuwa galibi an fi matse masa awoyi a kan aikin wanda zai biya da kansa. Kowa zai iya gane abin da wannan ke haifarwa: gaggawa, da kuma tura motar garanti ƙarshen layi. Shi kuma ma'aikacin da ke karɓar motarka a bakin ƙofa, sau da yawa yana da kamasho a kan abin da ya sa ka kashe, shi ya sa mutum zai kai mota juyen mai ya fito da doguwar takardar abubuwan da aka ce "ya kamata" a sake.

In garantin na wani kamfani ne dabam, sai a ƙara da jayayya tsakaninsu da gareji. Gareji ya ce kuɗin aikinsa kaza ne, su su ce ba za su wuce kaza ba, ragowar ta faɗo kan mai mota. Su kan kuma aiko da kayan da aka ciro daga wata motar, ko waɗanda aka sabunta, gama takarda ta ba su wannan dama. Duk kwanakin da a ke wannan, mota tana ajiye, mai ita yana biyan kuɗin hawa wata.

Dokar nan ta 1975 ta yi wa masu mota a Amurka wani gata. Kamfanin maƙera ba shi da ikon soke garantinsa domin kawai ka yi sabis a wani gareji, ko ka sa filtar da ba tasa ba, sai in ya nuna abin da aka sa ko aikin da aka yi shi ne ya jawo ɓarnar. Amma ƙarin garanti yarjejeniya ce, tana iya ƙayyade inda za a kai mota. A Ingila kuma dokar 2015 ta ba wanda ya sayi mota a hannun dillali ikon mayar da ita cikin kwana 30 in ta zo da aibi, ko ya sayi ƙarin garanti ko bai saya ba.

Yadda a ke gane garejin kirki ɗaya ne a ko'ina. Su kan rubuta maka abin da za su yi da kuɗinsa kafin su fara. Ba su ƙara wani aiki sai sun tambaye ka. Su kan nuna maka tsohon abin da suka cire. In gyara bai yi ba ka komo, ba su sake cajinka. Kafin ka ba su babban aiki, gwada su da ƙarami. Ka kuma tambayi waɗanda suka riga ka zuwa, gama matambayi ba ya ɓata.

MU NAN GIDA FA?

Yawancinmu ba sabuwar mota mu ke saye ba. Ta hannu ce, wadda ta ƙetaro teku daga Amurka ko Turai, wadda mu ke kira Beljiyam ko tokumbo. Sai a sani, garantin can ba ya hawa jirgi tare da mota. Galibi yana aiki ne a ƙasar da aka sayar da ita, ko da maƙwabciyarta. Har wa yau da yawa cikin motocin nan an saye su ne a gwanjo bayan sun yi haɗari ko ambaliya ta shanye su, inshora ta biya mai su ta sallama. Irin wannan mota, ko a can ma, garantinta ya riga ya mutu. Saboda haka in dillali ya nuna maka littafin garanti a aljihun mota, ya ce har yanzu da saura, kada ka ƙara ko kwabo saboda shi.

In dillalin nan gida ya ce ya ba ka garantin wata 1 ko wata 3 a kan inji da giya, madalla, amma a rubuta. A sa lambar shasi, da nisan da agogon mota ya nuna a ranar, da abin da za a yi in inji ya buga: gyara ne, ko sake wani, ko mayar da kuɗi? Wa zai biya makaniki? A sa hannu gaban shaidu. Garantin baki cinikin biri a sama ne. Kafin biya kuma, je da makanikinka na amana, ba na dillali ba, a jona na'ura, a duba ƙarƙashin kafet da cikin but ko akwai laka ko tsatsa.

Wanda kuwa ya sami ikon sayen sabuwa a hannun wakilin kamfani, ko aka ba shi ta wurin aiki, ya karanta sharuɗɗan sabis da kyau, gama sau da yawa sharaɗi ne a riƙa kai ta garejinsu. Sai ya yi lissafin nisa. In garejin yana Abuja ko Kano ko Legas, shi kuwa yana zaune tafiyar yini guda daga can, wa zai biya janwe? Kayan gyara suna nan a ajiye, ko sai an yi odarsu daga waje a jira watanni? Ya kuma sani garanti ba ya biyan ɓarnar gurɓataccen mai. Ba mu manta da Fabrairu 2022 ba, sa'ad da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, motoci suka yi ta lalacewa. Haka nan in ya sayo wani abu a Panteka ko Ƙofar Ruwa aka ɗaura, abin ya jawo ɓarna, ba za su karɓa ba. Wanda aka cuta yana da wurin kai kuka, watau hukumar kare hakkin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Amma ko can, takarda za su fara tambaya.

Akwai abu guda da ya bambanta da garanti, wanda ya shafi rai. Wani lokaci a kan gano wani kuskure mai haɗari a cikin irin wata mota, sai a yi shela a komo da su a gyara kyauta. Mafi girma shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata, wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai. Zafi da laima su kan lalata sinadarin da ke hura jakar, ran haɗari sai ta fashe ta watsa ƙarafa a fuskar direba. Motocin Honda da Toyota da waɗansu da yawa na shekarun 2000 suna ciki, irin waɗanda suka cika hanyoyinmu. Kowace mota tana da lamba mai baƙaƙe da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba. A sa yaro ya shigar da ita a shafin intanet na hukumar NHTSA ta Amurka, kyauta ne, zai nuna ko akwai gyaran da ba a yi ba. In akwai, a nemi wakilin kamfanin a tambaye shi.

LISSAFIN ASUSU

Bari mu yi ɗan lissafi, misali ne kawai. A ce ƙarin garanti dala 2,400 ne, aka zuba shi cikin bashin mota na shekara 5 mai ruwa 10 bisa 100. Mai talla zai ce, "Dala 51 kacal a wata." Gaskiya ne. Amma 51 sau 60 ya kama dala 3,060. Garantin ya ƙare a shekara ta 3, kai kuwa kana biya har ta 5. Da a ce kowane wata ana jefa wannan 51 a wani asusu dabam wanda ba a taɓawa sai domin mota, to, ran da tiyo ya fashe ba mai tambayarka jeri, ba mai neman izini. In kuwa mota ba ta lalace ba, kuɗinka yana nan.

Amma asusu yana da nasa rauni. In babban gyara ya zo a wata na 4, bai tara kome ba tukuna. Saboda haka mutumin da ba shi da ajiya, wanda abincinsa ya rataya ga motar, motar kuma irin mai tsadar gyara ce, ƙarin garanti na kirki zai iya yi masa rana. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Abin da mu ke roƙo shi ne, maigida da uwargida su zauna su yi lissafin tare, kada a yanke shi a ofishin dillali, da yamma, mutum ya gaji yana ɗokin riƙe makulli.

Wanda ya ƙudura zai saya, ga tambayoyi 6 da zai yi: Wane kamfani ne zai biya, ina kuma ofishinsa? Ina jerin abubuwan da ba a biya? Daga wace rana a ke ƙidaya? Nawa zan biya daga aljihuna kowane zuwa? Wane gareji zan kai ta? In na fasa, nawa za a mayar mini? Ya ce a ba shi takardar dukanta ya je gida da ita, ba 'yar takardar talla mai hoto ba. In suka hana, ya riga ya sami amsa. Wanda kuma ya riga ya sa hannu, ya duba, gama yawancinsu suna ba da kwana 30, waɗansu 60, na fasawa a mayar da kuɗi duka, bayan haka kuma a mayar da na sauran lokacin da bai ci ba.

Wannan na ƙarshe shi ne muka nuna wa ɗan wanmu. Ya rubuta musu ya fasa, aka lissafa ragowar aka rage masa daga bashin motar. Bai mayar masa da inji ba, amma ya rage zafi. Da ya kira mu ya ce, "Baba, da na karanta, da ko na saya zan tsaya a bakin hanya daren nan." Muka ce masa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Yanzu yana da ambulan guda a aljihun mota inda ya ke tara kowane rasit, kuɗin makarantar ƙannensa kuma ya ci gaba da zuwa.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba zancen sayen kayan ɗaki bashi.